Babi na Shida: Daga Fataucin Sukari zuwa Masana'antar Taki

Me ya haɗa siminti da sukari, kuma ina gishirin miya ina takin zamani? Tambaya ce mai saurin zuwa bakin duk wanda ya ratsa kasuwar Kankiya a goshin damina, ko ya tsaya a mararrabar Gidan Mutum Ɗaya ta ƙasar Kusada yana kallon tirelolin da ke kai da kawowa tsakanin Kano da Katsina. Sunan Dangote ne a buhun simintin da magini ke farkewa, shi ne a buhun sukarin mai shayi, shi ne a ledar gishiri, shi ne kuma a buhun yuriyar da manomi ke tayawa yana ja da baya. Tun daga ƙarshen 2024 ma, ba mamaki fetur ɗin da ɗan acaɓa ya zuba wa babur daga matatar kamfanin ya fito.

Tambaya ta biyu ta fi zafi, domin aljihu take taɓawa: tunda yanzu a Najeriya ake yin takin, mai masana'antar kuma ɗan Arewa ne, me ya hana shi yin araha? Amsar duka biyun tana cikin tarihin yadda kamfanin ya ginu, da yadda rassansa ke ciyar da juna.

Kamfani mai rassa

Abin da ake kira rukunin kamfanoni shi ne uwar kamfani guda da ke riƙe da kamfanoni da dama, kowanne da sana'arsa da manajojinsa da littafin lissafinsa, amma jari da babbar shawara daga ɗaki ɗaya suke fitowa. A harkar sinadarai, ba kwaɗayi kaɗai ke jawo irin wannan tari ba, yanayin aikin ne ke tilastawa. Ba a sarrafa ɗanyen abu a sami kaya guda tak. Mai sana'ar ƙuli-ƙuli a Rimaye ta san haka ba tare da an karantar da ita ba: ta sayi gyaɗa don ta matse mai, tunkuzar da ta rage ta zama ƙuli-ƙuli, ɓawon ya shiga murhu ya rage mata kuɗin itace. Da mai kaɗai take sayarwa ta zubar da saura, da jarin bai kai kasuwa uku ba. Masana'antar sinadarai ma ribarta tana cikin saura.

Kamfanin da ya fi shahara da wannan tsari shi ne BASF na ƙasar Jamus, wanda aka kafa a 1865 don yin rini. A Ludwigshafen, bakin kogin Rhine, yana da masana'antu kusan 200 a fili guda da aka sarƙe da bututu, ta yadda abin da wannan ta fitar a matsayin shara shi ne ɗanyen kayan waccan, zafin da ke tashi a nan kuma shi ke dafa tukunyar can. Ƙasar Hausa ta daɗe da ɗanɗana hannun wannan kamfani ko da ba ta san sunansa ba. A 1897 ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, wanda ya karya noman baba a Indiya, daga baya kuma irinsa ya shigo marinun ƙasar nan ya ci kasuwar baban gida. A 1913 kuma shi ne ya buɗe masana'antar amoniya ta farko a duniya, wadda ita ce kakar duk wani buhun yuriya.

Gidan fatake

Kamfanin Dangote bai taso daga ɗakin gwajin masana kimiyya ba, daga fatauci ya taso, kuma wannan ya bar tambari a duk abin da ya yi daga baya. Alhaji Alhassan Ɗantata ya fara ne da fataucin goro daga Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano aka buɗe cinikin gyaɗa a 1912, sai ya koma kan gyaɗa, har ya zama babban mai saya wa kamfanonin Turawa, da yaransa a kasuwannin ƙauye ko'ina. Gyaɗar da manoman ƙasar Katsina ke kaiwa sikeli a wancan zamani akasari a dalar gyaɗa ta Kano take ƙarewa kafin a loda ta zuwa Legas. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma.

Bayan shekara biyu, ranar 10 ga Afrilu 1957, aka haifi Aliko Ɗangote a Kano. Mahaifiyarsa 'yar Alhaji Sanusi Ɗantata ce, ɗan Alhaji Alhassan, kuma da mahaifinsa ya rasu yana yaro, a hannun wannan kaka ya tashi. Ya yi karatu a Jami'ar Azhar ta Alƙahira, ya dawo ya fara kasuwanci a 1977 da rancen Naira 500,000 daga gidan Ɗantata, sa'annan ya koma Legas, inda tashar jiragen ruwa take. A 1981 harkar ta zama kamfani sosai.

Kayan da ya zaɓa su ne waɗanda ba a fasa sayensu ko ana yunwa ko ana ƙoshi: shinkafa, sukari, gishiri, fulawa, siminti. Dabarar ta fatake ce tsantsa, a sayo jirgi guda, a ɗora riba kaɗan a kan kowane buhu, a juya kuɗin da sauri. Abin da ya fi kuɗin daraja shi ne hanyar da aka shimfiɗa a waɗannan shekaru, daga tashar Apapa zuwa manyan diloli na kasuwar Singa a Kano, daga can zuwa mai shago a Kankiya ko Caranci da ke zuwa sari. Wanda ya riƙe wannan hanya shekara ashirin ya san buhu nawa kowane gari ke ci a wata, ya san kuma wanda ke biyan bashi. Ranar da ya gina masana'anta, ba neman masu saye zai fita ba.

Sukari, gishiri da fulawa

A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin ya juya daga shigo da kaya zuwa sarrafa su. Fulawa da taliya suka fara, sai matatar sukari ta Apapa a shekarar 2000, wadda aka faɗaɗa har ta kai ƙarfin tace tan miliyan 1.44 a shekara. A nan akwai abin lura. Ba rake ake matsewa a Apapa ba. Ɗanyen sukari ja ake kawowa daga Barazil a jirgin ruwa, a narkar, a tace, a mayar da shi fari. Rabin aikin ke nan, rabi mai sauƙin kuma. Noman raken kansa yana Numan ta jihar Adamawa, a kamfanin Savannah da aka saya daga gwamnati, da kuma Tunga ta jihar Nasarawa, kuma har yau abin da gonakin ke bayarwa bai kama ƙafar abin da ake shigowa da shi ba.

Gishiri ma haka. Kakanni sun ci kantun da ayarin raƙuma ke kawowa daga Bilma. Jikoki suna cin wanda jirgin ruwa ya kawo ɗanye, kamfanin NASCON, reshen Dangote, ya wanke, ya niƙa, ya zuba masa sinadarin aidin. Wannan ɗan sinadari da aka wajabta sa wa gishiri a Najeriya tun farkon shekarun 1990 shi ya rage maƙoƙo a ƙauyuka.

Daga waɗannan masana'antu ne rassa suka fara tofowa da kansu. Duk kayan a buhu ake zuba su, sai aka kafa masaƙar buhu. Duk buhun sai an kai shi Arewa, jirgin ƙasa kuwa ya mutu, sai aka tara dubban tireloli, daga baya har da wurin harhaɗa su.

Siminti

Reshen da ya mayar da attajirin Kano attajirin duniya shi ne siminti. Najeriya tana da tarihin abin kunya da wannan kaya. A 1975, kuɗin mai na ruwa, gwamnati ta yi odar kimanin tan miliyan 20 a lokaci guda, ɗaruruwan jirage suka cunkushe a gaɓar Legas wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, wani simintin ya daskare tun a cikin jirgi. Alhali duwatsun da ake yin siminti da su suna kwance jingim a Sakkwato da Binuwai da Kogi da Ogun.

Yin siminti aikin sinadarai ne, ko da yake ba a cika kallonsa haka ba. Ana fasa dutsen farar ƙasa, a niƙa shi da yumɓu, a tura garin cikin wata doguwar tanda ta ƙarfe da ke kwance a karkace tana juyawa a hankali dare da rana. A ƙarshenta zafi yana kai wa digiri 1,450. A can garin yake sake hali, ya dunƙule ya zama ƙananan duwatsu masu toka-toka da ake kira kilinka. Sai a huce su, a niƙa tare da ɗan jifsam, wanda shi ke hana kwaɓin daskarewa kafin magini ya gama shafe. Tandar ba ta son a kashe ta, don haka masana'antar siminti ba ta jiran wutar gwamnati. Tashar lantarkinta take ginawa, ta ja bututun gas nata.

A shekarar 2000 kamfanin ya sayi hannun jarin gwamnati a masana'antar simintin Binuwai da ke Gboko. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin da ya ce ba za a ba kowa lasisin shigo da siminti ba sai wanda ya nuna yana gina masana'anta a gida. Obajana ta jihar Kogi ta fara aiki a 2007, aka yi ta ƙara mata layi har ta kai tan miliyan 16.25 a shekara. Ibese ta jihar Ogun ta biyo a 2012. An sa kamfanin simintin a kasuwar hannun jari ta Legas a 2010, sa'annan ya bazu zuwa Senegal da Kamaru da Habasha da Zambiya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu da wasunsu, ƙarfinsa gaba ɗaya ya haura tan miliyan 50.

Wannan tsari na 2002 har gobe ana jayayya a kansa, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Najeriya ta tashi daga sahun manyan masu sayen siminti na duniya ta koma mai wadatar da kanta, wannan ba ƙarya ba ne. Amma rufe iyaka ya bar kasuwar a hannun kamfanoni uku: Dangote, da Lafarge, da BUA na Abdussamad Isyaka Rabi'u, shi ma ɗan gidan 'yan kasuwar Kano, wanda simintinsa na Kalambaina a Sakkwato ke gogayya da na Obajana a shagunan jihar Katsina. Inda masu sayarwa uku ne kacal, mai saye ba shi da wurin gudu da yawa. Ribar da siminti ya tara a wannan inuwa ita ce ta ba kamfanin ƙarfin cin bashin da ya gina abin da ya biyo baya.

Yadda iska ke zama taki

Shuka tana buƙatar abinci iri uku fiye da saura: naitirojin don ganye da tsawo, fosfet don saiwa, fotash don ƙarfin kara da cikar ƙwaya. Na farkon shi ya fi ƙaranci a jigawar Kankiya da Kusada, shi ne kuma wanda rashinsa ke sa ganyen masara ya yi ɗorawa tun daga ƙasa. Abin mamaki, kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke kaɗawa a kan gonar naitirojin ne, sai dai dawa da gero da masara ba su iya cin sa a haka. Wake da gyaɗa suna da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwa, inda wasu ƙwayoyin halitta ke kama shi daga iska su mayar da shi abinci. Shi ya sa dawar da aka shuka a saurar gyaɗa take yin kyau, shi ya sa kuma manomi mai hankali ba ya sare gawo a gonarsa.

A 1909 wani Bajamushe, Fritz Haber, ya gano yadda za a tilasta wa naitirojin na iska ya haɗu da haidirojin su zama amoniya, Carl Bosch na BASF kuma ya mayar da gwajin masana'anta. Hanyar ba ta sauya sosai ba har yau. Ana dafa iskar gas da tururi a zafi mai tsanani, ta rabu gida biyu: haidirojin da iskar kabon. A ɗebo naitirojin daga iskar sarari, a matse su tare da haidirojin da ƙarfin da ya ninka matsin iskar duniya sau 150 ko fiye, a zafin digiri 400 zuwa 500, a bi da su ta kan wani garin ƙarfe da ke zuga haɗuwar ba tare da shi ya ƙare ba. Amoniya ta fito. Sai a waiwayi iskar kabon ɗin nan da ta rage tun farko, wadda da a iska za a sake ta, a haɗa ta da amoniyar, a sami yuriya. A busar, a mayar da ita ƙwaya-ƙwaya, a zuba a buhu. Ba a tono komai daga ƙasa ba sai gas. Masana suna ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya da amfanin gonar da wannan hanya ta ciyar suke rayuwa.

Takin zamani ya yi ƙarfi a wannan yanki ne daga 1975, lokacin da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe. Malaman gona suka bi ƙauyuka da taki mai rangwame da sabon irin masara, masarar da a da ake shukawa a bayan gida don gasawa ta fita fili ta zama abin sayarwa. Bayan ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, hukumar KTARDA ta gaji aikin. Takin kuwa akasari daga waje yake zuwa. Gwamnati ta gina masana'antar supa a Kaduna a 1976, da ta yuriya mai suna NAFCON a Onne kusa da Fatakwal a ƙarshen shekarun 1980, amma kafin shekarar 2000 NAFCON ta durƙushe. Kamfanin Notore ya saye ta a 2005 ya tayar da ita, kamfanin Indorama ya buɗe tasa a Eleme a 2016.

Ta Dangote, lokacin da aka buɗe ta, ta fi kowacce girma. An gina ta a Ibeju-Lekki, gabas da Legas, a kan dala biliyan 2.5, da ƙarfin yin tan miliyan 3 na yuriya a shekara, wato buhu miliyan 60 masu kilo 50. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta ranar 22 ga Maris 2022, ƙasa da wata ɗaya da ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, lokacin da farashin taki ya yi tashin gwauron zabo a duniya saboda Rasha na cikin manyan masu sayar da shi. Sa'a ce irin wadda ba a shirya ta. Jirage suka yi layi suna lodi zuwa Barazil da Amurka da Indiya da Meziko. A 2025 kamfanin ya sa hannu da gwamnatin Habasha kan gina wata mai girman wannan a garin Gode.

Matata da ƙwayar roba

Katanga ɗaya da masana'antar taki, matatar mai take. An sanar da ita a 2013, aka sauya mata wuri, aka ƙara mata girma, aka yi ta ɗaga ranar gamawa, kuɗinta ya ninka har ya kai wajen dala biliyan 20. Filin fadama ne, sai da aka cike shi da yashin teku. Tashoshin Legas ba su iya sauke injinan ba, sai da kamfanin ya gina tasharsa. Hasumiyar da ake raba ɗanyen mai a cikinta, mai tsawon sama da mita 110, daga Sin aka kawo ta guda. An yi bikin buɗewa ranar 22 ga Mayu 2023, dizal da man jirgi suka fara fitowa a Janairun 2024, fetur a Satumba. An gina ta don tace ganga 650,000 a rana, alhali matatun gwamnati huɗu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, jimillarsu ganga 445,000 ce, su ma a takarda.

Aikin matata rabewa ne. Ana dafa ɗanyen mai ya zama tururi ya hau hasumiya, kowane kashi ya sauka a benen da zafinsa ya dace da shi: gas na girki a can sama, fetur, kananzir da man jirgi, dizal, mai nauyi a ƙasa. Mai nauyin ana sake fasa shi don a ƙara samun fetur, a wajen fasawar kuma wata iska mai suna furofilin ke fita. Ita ake sarƙawa ta zama fararen ƙwayoyin roba da ake kira polifurofilin, waɗanda da su ake yin bokiti da kujerar roba da tabarmar roba da igiya. Da su ne kuma ake saƙa buhu. Reshen ya fara aiki a 2025 da ƙarfin tan 830,000 a shekara. Ke nan buhun da aka zuba yuriya a ciki, da yuriyar, da dizal ɗin tirelar da ta ɗauko ta, duk suna iya fitowa daga fili guda.

Inda aka yi tuntuɓe

Ba kowane reshe ne ya yi 'ya'ya ba. Masaƙun tufafi na kamfanin sun rufe, kamar yadda na Kaduna da Kano suka rufe, saboda rashin wuta da atamfar waje mai araha. Fulawa an sayar da ita ga kamfanin Tiger Brands na Afirka ta Kudu a 2012, aka sake sayo ta da araha bayan shekara uku, aka kuma sayar wa kamfanin Olam a 2019. Masana'antar tumatir ta Kadawa a jihar Kano, da aka buɗe a 2016 don markaɗa tan 1,200 a rana, ta faɗa cikin shekarar tsutsar da ta cinye tumatirin Arewa, daga nan ta yi ta buɗewa tana rufewa, domin duk ranar da kwando ya yi tsada a kasuwa manomi can zai kai kayansa, kuma ba a ga laifinsa ba. Akwai abin da ya haɗa waɗannan: kamfanin ya fi yin nasara inda ɗanyen kayan dutse ne ko gas ko abin da jirgi ke kawowa, ya fi shan wuya inda sai ya jira dubban ƙananan manoma.

Buhun da ya iso Kankiya

A shagon mai taki, buhun yuriya a buɗe yake, da kwano a kansa, domin masu sayen tiya da rabin tiya sun fi masu sayen buhu yawa. Fari ne tas, ƙwayarsa mulmulalliya, in ya sha raɓa ya dunƙule, in aka jiƙa shi a tafin hannu a ji sanyi. A buhun an rubuta 46, ma'ana a kilo 50 akwai kilo 23 na naitirojin. Kusa da shi ga kamfa, mai lamba uku, 15:15:15 ko 20:10:10. Manomi zai damƙa, ya murza, ya tambayi kuɗi, ya yi lissafi da bakinsa a rufe. Ba da Naira yake lissafin ba, da hatsi yake yi: tiya nawa ta masara zai sayar ya sayi wannan buhu.

Dalilin farko na tsadar shi ne dala. Gas ɗin da ake yin yuriya da shi da dala ake yanke masa farashi, injinan da kayan gyaransu daga waje suke, bashin da aka gina masana'antar da shi akasari na dala ne. Da aka saki Naira a Yunin 2023 ta faɗi warwas, duk waɗannan suka ninka. Na biyu shi ne teku. Masana'antun yuriya na Najeriya suna yin fiye da abin da manoman ƙasar ke saye, saura waje ake kai shi, kuma ɗan kasuwar da mai saye daga Barazil ke jira a bakin tasharsa da dala a hannu ba zai karya farashi sosai don na gida ba. Zama ɗan Kano bai shiga wannan lissafi ba.

Na uku hanya ce. An kafa masana'antar a Lekki ne don can gas da teku suke. Daga can zuwa Kankiya ya haura kilomita 1,000, tirela tana ɗaukar buhu 600, kowane buhu kuma sai ya biya rabonsa na dizal da taya da kuɗin kan hanya da 'yan dako, kafin babban dila da ƙaramin dila su ɗora nasu. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka fara a 2020, shi ne abin da zai iya sa a yi tunanin irin wannan masana'anta a Arewa. Ga kuma lokaci: kowa a Yuni da Yuli yake neman taki, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa. Yuriya ƙafa ɗaya ce cikin uku. Fosfet daga Maroko ake kawo shi, fotash daga ƙasashe irin su Rasha da Kanada, sa'annan masana'antun gauraya taki, irin wadda ke Funtuwa, su haɗa su da yuriyar gida su fitar da kamfa. A kan wannan aka gina shirin takin shugaban ƙasa na Disambar 2016, bayan ziyarar Sarki Muhammad na Shida na Maroko, wanda ya sa buhun 20:10:10 a kan Naira 5,500. Zuwa daminar 2024 buhun yuriya ya haura Naira 30,000, kamfa mai kyau ta fi haka. A 2025 kuma hatsi ya karye taki bai sauko ba, manoma da yawa suka rage masara suka koma gero da dawa da wake da riɗi, waɗanda ba su da cin taki kamar ta.

Ko bayan an biya, ba duk kilo 23 ɗin nan ke shiga shuka ba. Yuriyar da aka watsa a busasshiyar ƙasa da rana tsaka, wani kashi nata amoniya yake komawa ya bi iska. Wadda aka zuba gaba ɗaya a jigawa, ruwa mai ƙarfi guda ya isa ya wuce da ita ƙasa da saiwa. Shi ya sa malaman gona ke cewa a tona ɗan rami nesa kaɗan da gindi, a zuba, a binne, a kuma raba zubin gida biyu, kuma ƙasar da ta sha takin gida ta fi riƙe na zamani. Tsakanin ƙofar masana'anta da wannan ɗan rami akwai dila da ɗan siyasa da mai sake ɗinke buhu, akwai takin gwamnati da ake rabawa a mazaɓu da wanda ake gauraya wa yashi. Babi na gaba zai bi buhun ta hannun waɗannan ɗaya bayan ɗaya.